Ranar da na kira surukina ƙofar ban ɗaki

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake ganin kaina ƙaton manomi ba tsoho ba, wani abu ya same ni wanda na daɗe ina son in ba ku labarinsa a nan, kunya tana hana ni. Yau dai na ce sai na rubuta ko da zai ci mini kwana uku, don da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Aji uku na yi a firamare na gudu, saboda malaminmu yana da dorina, ni kuma ina da ƙafa. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi a zuciyarsa ya wuce.

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Janfalan, ƙasar Ikara. Tumatir da barkono nake yi a fadama da rani. Allah ya ba ni 'ya'ya mata biyar, maza biyun da aka haifa mini ba su zauna ba. 'Yata ta fari tana aure a Makarfi. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyi, wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Shekara ashirin da ɗoriya yana auren yarinyar nan, ban taɓa ganin ƙwayar idonsa sosai ba. In ya zo gaishe ni, tun daga bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa can nesa, mu yi ta lafiya lau, lafiya lau, ni ina kallon bango, shi yana kallon ƙasa. Bai taɓa ganin ina cin abinci ba, ban taɓa ganin yana shan ruwa ba. Sunansa ma ba na kama shi, sai dai in ce Malam. In na hango shi a kasuwar Makarfi ta layin 'yan hatsi, sai in ratse ta 'yan kaji don kada in sa shi durƙuso cikin jama'a. Haka muka taso muka tarar ana yi tsakanin surukai, kuma ban ga aibinsa ba.

A shekarar gwiwoyina da ƙuguna sun sa ni gaba. Akwai wani mai tallar magani da ke zagayo mu a fadama bisa mashin, yana ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ja da fari da rawaya, muna ce musu haɗi. In ka kora ƙulli ɗaya da sassafe sai ka ji kamar an musanya maka gwiwa da ta saurayi. Nakan sha kafin in karya, wata rana in ƙara da la'asar. Wata da watanni ina haka, ban taɓa tambayar sunan ko ƙwaya ɗaya ba.

Wata safiya cikina ya murɗa ina tsakiyar ban ruwa, na ratse cikin raken maƙwabcina na tsuguna. Da na miƙe na waiwaya, sai na ga jini. Ba ɗigo ba, jini sosai, mai duhu, har da gudaji. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe, na ce basir ne. Kun dai san mu a ƙauye. Duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya basir ne, wanda ya hau samanta kuma shawara ce, mun gama da likitanci.

Mutum ɗaya ne a duniya zan iya gaya wa irin wannan magana, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, manomin dankali da rake a Kudan. Shekara sittin muna gardamar wane ne bawan wani, ba a yanke ba har yau. Na buga masa waya.

Na ce, "Kai bawa, kana ina?"

Ya ce, "Ina gonar ubangidanka, wato gonata. Me ya faru, ka mutu ne?"

"Saura kaɗan. Jini nake zubarwa."

"Ta ina?"

"Ta inda kake tunani."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce basir ne ya gaji da zama da marowaci yake neman hanyar fita. Washegari ya iso da jarka cike da jiƙon sassaƙe mai ɗaci kamar an dama maɗaci da gawayi. Na yi kwana uku ina ɗirka. Jinin yakan tsaya yini guda, in ce magani ya ci, sai kuma ya dawo ya fi na da. Matata ta ce fuskata ta yi fari, na ce mata hutu ne. A kwana na huɗu na sunkuya zan ja igiyar injin ban ruwa, na ja sau ɗaya, na ja sau biyu, ban san na uku ba.

A asibitin Ikara na farka, ana ƙara mini jini. Matata ta sunkuyo ta gaya mini a kunne cewa ledar jinin da ke rataye ta surukina ce, shi ya fara miƙa hannu da aka gwada jini ya zo ɗaya. Na rufe ido na yi kamar ban farka ba. Ma'aikatan wurin sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ce su za su iya ƙara jini, amma ba su da abin da za su ga inda yake zurarewa, sai babban asibiti a Zariya. Surukina ya samo mota, taubashina ya biyo mu da jarkarsa, wai ko za a buƙata.

A ɗakin maza aka kwantar da ni. Mata ba sa zama jinya a wurin, sai dai su zo lokacin dubiya da yamma, ga shi ba ni da ɗa namiji. Aiki ya rabu biyu ba tare da an zauna an raba ba. Taubashina yana bakin gadona, shi ke da duk abin da ya shafi ƙasa da cibiya. Surukina ya shimfiɗa tabarma a baranda, shi ke karɓo magani, shi ke kai takardun gwaji, in ya kawo abin sha ya ajiye ya fita da baya don in samu in sha. Tsarin ya yi mini daidai.

Likitar da ke duba ni mace ce, ba ta fi sa'ar autata ba, ga ta da magana kai tsaye. Suka zura mini wata doguwar igiya mai ido ta baki har tumbi, ba su ga inda ke jini ba. Suka gwada ta ɗaya hanyar, wadda ba zan ba ku labarinta ba, jini ya rufe idon na'urar ba a ga komai ba. Ana ƙara mini jini yana tafiya. Sai ta zo ta ja kujera ta zauna.

Ta ce, "Baba, akwai wani hoto da ake kira siti. Za a kwantar da kai a zura ka cikin wata na'ura mai kama da ƙaton zobe. Za mu sa maka wani ruwa ta jijiyar hannu, ruwan ya bi jininka duk inda ya je. In akwai inda jini ke tsiyaya cikin hanji, ruwan zai fita tare da shi, mu gan shi a hoto fari tas. Amma fa sai jinin yana kan zuba a lokacin. In ya tsaya, hotonka zai fito kamar na mai lafiya."

Na ce, "Likita, ai wannan tiyon ban ruwa kike faɗa. In inji a kashe yake, ko ka bi tiyo da rarrafe ba ka ganin huji. Sai an tayar ruwa ya bi ciki, ka ga inda yake feshi."

Ta ce, "Baba, da za ka yarda da na kai ka ka koyar da ɗalibaina. To ka ji. Da ka ga jini, a wannan lokacin za ka faɗa. Ba bayan sallah ba, ba sai an jima ba. Kuma kada ka kora shi da ruwa, ina son a gani."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Har da ɗaga hannu.

Washegari da hantsi taubashina ya ce zai fita bakin titi ya sayo goro ya dawo. Bai fi minti goma da fita ba cikina ya murɗa. Ban ɗakin yana ƙarshen ɗakinmu, dab da ƙofar baranda. Na lallaɓa na shiga, sai ga shi, ya fi na kullum. Na tsaya ina lissafi. Nas-nas ɗin da ke aiki mata ne, sa'o'in jikokina. A baranda kuwa mijin 'yata ne zaune yana duba littafi. Wanne zan kira in ce zo ka ga bayan gidana? Na ce goro ne fa kawai aka je saye, yanzu zai dawo. Na ɗauki buta na tsarkake jikina, na kora ruwa har wurin ya yi fes, na dafa bango na koma gado na ja mayafi.

Surukina ya leƙo ta taga, kansa a ƙasa. "Baba, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam."

Ashe taubashin nawa ya haɗu da wani direban Kudan a bakin titi, ya bi shi kasuwa ya ga yadda dankali ke tashi. Sai bayan la'asar ya shigo yana tauna goro. Na jawo shi na raɗa masa, ya je ya gaya wa nas, nan da nan aka turo keke aka tafi da ni.

Ɗakin hoton sanyi gare shi kamar cikin randa. Mai ɗaukar hoton ya ce in cire duk abin da ke da ƙarfe. Na kwance tsohon guruna da na gada, wanda aka ce in yana ƙugunka ƙarfe ba ya kama ka, na miƙa wa taubashina yana ƙunshe dariya. Aka kwantar da ni bisa wani siririn gado, hannuwana sama da kai. Mai hoton ya ce in ruwan ya shiga zan ji ɗumi ya bi jikina har in ɗauka na yi fitsari a wando, kada in damu, ba fitsari ba ne. Na ce a raina yaro ne, bai san dattijo ba. Da ruwan ya shiga kuwa, wallahi da ba a gaya mini ba da na rantse na jiƙa musu gado. Bakina ya yi ɗanɗanon tsohon kwabo. Gadon ya zura ni cikin zoben, wani abu yana juyawa a ciki yana gurnani, murya ta fito ta lasifika ta ce in ja numfashi in riƙe. Kafin in gama tsorata an gama.

Ba a ga komai ba.

Likita ta zo bakin gadona da takarda a hannu. Ta ce, "Baba, ƙarfe nawa ka ga jinin?"

Na ce, "Ɗazu."

"Ɗazun yaushe?"

Na dubi taubashina, ya dubi silin. Na ce, "Wajen hantsi."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ruwan nan da ake sa wa a jijiya ta ƙoda yake fita, ƙodata kuma ta tsufa, ga jini ya yi ƙasa. Za su ba ni ruwa su sake gwada ƙodar, in ta yi kyau za a iya maimaita hoton sau ɗaya. Bayan wannan ba ta yi mini alkawari ba. In aka sake kuskure lokaci, abin da ya rage shi ne a buɗe cikina ba a san inda za a dosa ba, a bi hanji ana lalube, watakila a yanke abin da ya fi wanda ya kamata, watakila ma a rufe ba a samu wurin ba. Ta ce, "Jikinka a yadda yake, ba na son in kai shi ga wannan. Na'urar tana nan, mu muna nan. Bakinka kawai muke jira."

Da yamma matata ta zo dubiya tare da 'yata ta fari. Ku da kuka san al'ada kun san 'yar fari ba ta hira da uba. Gaisuwa ce kawai, ita ma daga nesa. Ta gaishe ni ta koma ƙarshen gado ta tsaya bayan uwarta. Ashe labari ya kai mata. Sai na ji ta yi gyaran murya, ta fuskanci uwar, ni kuwa ina kwance tsakaninsu kamar buhu.

Ta ce, "Inna, ki gaya wa Baba, jinin mutumin da ke zaune a barandar can yana yawo a jikinsa yanzu haka. Ki tambaye shi, wanda jininsa ke cikin jikinka, me ya rage da za ka ɓoye masa? Ki gaya masa mu biyar ne, ba mu da wani uban."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Matata ta juyo ta dube ni ta ce, "Ka dai ji. Ba sai na maimaita ba."

Na ji kuwa. Tun da aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa jera mini magana uku ba, ranar ta jera, kuma ko ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Kamar an shirya, washegari da safe aka yi wa taubashina waya daga Kudan, yayan matarsa ya rasu, dole ya je jana'iza ya zauna zaman makoki. Ya tsaya a kaina yana gyara hula.

Ya ce, "Kada ka kuskura ka mutu kafin in dawo. Gawa biyu a mako ɗaya ta yi mini yawa."

Na ce, "Tafi da jarkarka, ka ba masu makoki."

Ya kai ƙofa ya dawo, ya rage murya. "Kai, ban da wasa. In ya zo ka faɗa. Yaron nan ba zai cinye ka ba."

Da ya tafi na zauna da kaina na yi wa kaina faɗa irin wanda ba wanda ya isa ya yi mini. Na ce kai tsohon banza, ka haƙa rijiya uku a fadama da hannunka, ka kwana gadin tumatir da sanda ɗaya, yau magana guda ce ta fi ƙarfinka? Na yanke cewa ko za a tara mutanen Ikara da Makarfi da Kudan a bakin ban ɗakin nan, sai na faɗa. Daga nan na shiga shiri kamar mai jiran motar kasuwa. Guru na sa shi ƙarƙashin matashi ban sake ɗaurawa ba. Na roƙi nas ta duba allurar robar da ke hannuna ta tabbatar tana aiki, ta duba, da rana na sake roƙonta har ta ce, "Baba, ko kai ne za ka karɓi aikin?" Ina kwance ina gwada riƙe numfashi ina ƙirga yatsu. Ina kuma maimaita maganar da zan faɗa a zuci, ina rage mata kalmomi don kada ta maƙale a hanya.

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga murya na ce, "Malam."

Ya taso ya durƙusa a bakin ƙofa.

Na ce, "Ka matso da tabarmarka kusa da ƙofar ban ɗakin can. Kada ka yi nisa."

Ya ce, "To, Baba." Bai tambayi dalili ba. Kansa a sunkuye, kunnuwansa kawai na gani.

Gwajin ƙoda ya fito da kyau. Sai kuma jini ya ƙi zuwa. Yini ɗaya shiru, yini biyu shiru. Ban taɓa jin mutumin da ya zauna yana jiran jininsa ya zuba kamar mai jiran ruwan shuka ba sai ni. Likita ta ce yana iya yiwuwa ya tsaya ke nan, amma yadda ya yi ta tafiya yana dawowa, ba ta yarda da shi ba. Ni ma ban yarda da shi ba, na san halinsa.

A rana ta uku, na idar da azahar a zaune ke nan, cikina ya yi wannan murɗawar da na sani. Na sauko a hankali, na bi bango. Ina tsugunawa ya ɓalle. Wannan karon ja ne sosai, kuma bai tsaya ba. Ku ji ikon Allah, duk shirin da na yi, sai na ga hannuna ya tafi kan buta da kansa, har ya ɗaga ta. Na dubi hannun na ce ajiye. Na ajiye ta. Kaina ya fara juyawa, bango yana matsowa yana komawa. Na san in na faɗi a nan shiru, ba wanda zai sani sai an neme ni.

Na ce, "Malam." Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako. Ba amsa.

Na tara abin da ya rage mini na ƙarfi, na kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon bakina da shi tun ranar ɗaurin aure.

Na ji an zabura a waje. Ta ƙasan ƙofa na ga ƙafafunsa, na ga ya tuɓe takalmi, na ga gwiwoyinsa sun sauka ƙasa. "Na'am, Baba. Sannu da jiki, ya ƙarfin..."

Na ce, "Sa takalminka, nan ban ɗaki ne, ba gaisuwa na kira ka ba. Turo ƙofar ka duba. Jini ne, yanzu yake zuba. Ka je ka gaya musu."

Ya turo ƙofar. Ya dubi ƙasa, ya ga abin da ke wurin, sannan ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. Ashe idanunsa manya ne. Ya juya, na ji ƙafarsa tana dukan siminti. Kafin in ƙirga ashirin ya dawo da nas biyu da keke. Na kasa miƙewa. Mutumin nan ya shigo har ciki, ya sa hannu ya ja mini wando ya ɗaure mazagi, ya ɗauke ni cak kamar damin dawa ya ɗora a keken. Yana ɗaurewa yana cewa, "Yi haƙuri, Baba. Yi haƙuri, Baba." Na ce, "Bar ba ni haƙuri, tura."

Likita ta tare mu a hanya, ta taɓa wuyan hannuna, ta sa aka rataya ledar ruwa ana matsa ta, ta aika a kawo jini ya same mu a can. Nas ɗaya tana riƙe da ledar sama, surukina yana tura keke a guje cikin doguwar barandar asibitin, babbar rigarsa tana tashi, yana cewa jama'a a ba da hanya. Malamin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba. Ni kuma ina zaune ina gaya wa kaina, kada ka suma, in ka suma wa zai riƙe musu numfashi?

Mai hoton ya gane ni. Ya fara bayanin ɗumi, na ce na sani, fitsarin ƙarya, sa ruwan. Aka ɗaga hannuwana, ɗumin ya bi jikina, gado ya zura ni. Murya ta ce in ja numfashi in riƙe. Na riƙe shi kamar an ce in na saki za a ƙwace mini fadama. Idona yana ganin duhu-duhu, kunnena yana ƙara, ban motsa ko yatsa ba. Aka ce in saki, aka sake cewa in riƙe, na sake riƙewa. Can na ji ƙofa ta buɗe, mai hoton yana taɓa ƙafata yana cewa, "Baba, ka yi numfashi mana, tun ɗazu muka gama."

Ta gilashi na hango likita ta sunkuya gaban kwamfuta ita da wani babban likita mai furfura. Na ga ta ɗora yatsa a wuri ɗaya ba ta ɗauke ba. Ta fito ta zo kaina.

Ta ce, "Mun gan shi, Baba. Gefen dama, a babban hanji. Yana feshi kamar yadda ka ce."

Kafin magariba an shiga da ni tiyata. Sun san inda za su, suka je kai tsaye, suka yanke abin da bai kai kamu guda ba suka haɗa sauran. Daga baya, da na fara zama, ta nuna mini hoton. Duk toka-toka ne, ban gane komai ba, sai wani ɗan farin ɗigo kamar an ɗiga nono a toka. Ta ce wata 'yar jaka ce ta fito a bangon hanjin, irin wadda tsufa ke kawowa, jijiyar da ke bakinta ta fashe, ƙwayoyin da nake sha kuma suna hana jini saurin daskarewa. Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Abin da bai kai ƙwayar masara ba, shi ya kusa kai ni kushewa, ni kuma na taya shi da buta.

Taubashina ya dawo ya same ni da ɗinki a ciki. Ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "An ce an rage maka hanji. Alhamdu lillahi, rumbun gidanku zai kai damina bana." Na ce masa kada ya sa ni dariya, ɗinki zai ɓalle. Ya zauna ya yi ta ba ni dariyar da gangan.

Yanzu shekaru sun wuce, ina cin tuwona, ina zuwa fadama, sai dai na bar wa matasa jan inji. Haɗi kuwa ko kyauta aka ba ni ba na karɓa, gwiwa ta yi ta ciwonta, mun saba. In na ji wani a majalisa yana cewa basir ɗinsa na zubar da jini, ba na barinsa sai na ga ya hau mashin zuwa asibiti, har sun sa mini suna likitan ƙasa da cibiya. Ban ce kowane jini irin nawa ne ba, ni ba likita ba ne. Na dai ce ba kai za ka yanke ba, kana tsugune cikin rake.

Kunya kuma ban zubar da ita ba, kada wani yaro ya karanta wannan ya je ya zauna kan kujerar surukinsa ya ce ni na ce. Abu ne mai kyau, ita ta riƙe mu shekara ashirin ba wanda ya ji kanmu. Amma na gane akwai wurin da in ka shiga da ita, ita za ta fito, kai ka zauna a can.

Abu ɗaya ne ya ƙaru tsakanina da Malam. In ya zo ya gama gaisuwa, ya tambayi gida da gona da gwiwa, sai ya rage murya yadda matata ba za ta ji ba, ko da yake tana ji, ya ce, "Baba, ya kuma wajen?"

In ce, "Fes, Malam."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi.

Duk ranar da amsar ta canza, shi zai fara ji, a lokacin, ko da liman na zaune a wurin.